Kwabon Yu Ponirah

"Danna mana, Yu Ponirah, ko ƙarfin ya ƙare ne?" in ji Pak Sarju, yana kife a kan tabarma.

Ai kuwa ta danna. Shekara talatin, duk wanda iskar sanyi ta shiga jikinsa a wannan lungu na garin Klaten, ita ke kankare masa baya da tsohon kwabo da man kwakwa har jajayen layuka su fito, ta bi da tausa. Pak Sarju, maƙwabcin nan nata, gwauro mai tallar miyar kaza a keke, kwana uku ke nan da likitoci suka soka masa allura a baya suka ciro ɗan tsokar ƙoda don gwaji. An ce ya kwanta, kada ya wahalar da wurin. Da ciwo ya taso, daga shi har ita suka ce iska ce, sanyin asibiti ya kama shi. Daidai gefen filastar da aka manna a wurin allurar ta kafa gwiwar hannu.

Kafin la'asar fitsarinsa ya koma ja, ga gumi kamar an watsa masa ruwa.

A asibiti Ponirah ta kasa zaune ta kasa tsaye. Ta je ƙofa, ta dawo, ta sake leƙawa, har nas ta gaji ta ce ta shigo. Likita na goga na'urar hoto a kwiɓinsa. Ta nuna wani baƙin wuri a allo, ta ce jini ne ya taru ya kewaye ƙodar, kuma bai daina zuba ba. Sai idonta ya sauka kan layukan nan.

"Wa ya taɓa masa baya?"

 Ponirah ta buɗe baki ke nan Pak Sarju ya riga ta.

"Ni na yi wa kaina, likita."

"A bayanka?"

"Shekara arba'in ina tura keke, ina ne hannuna ba zai kai ba?"

Ba wanda ya yi dariya. Likita ta ce allurar kaɗai ma takan jawo haka, amma ba ta ko kalli Ponirah ba, wallahi da zaginta ta yi da ya fi mata sauƙi. Aka gangara da shi ɗakin tiyata yana ce mata ta je ta rufe masa kaji. Washegari da hantsi ya cika.

Bayan an kai shi, mata na girkin sadaka, aka aike ta ɗakinsa ɗauko tabarma. Kwabon na nan cikin ɗan farantin mai inda ta ajiye shi, tururuwa na kewaya bakinsa.