Bam ɗin da Ya Ƙi Yin Ƙara

Bam na goma sha shida ya yi ƙara, tan, kamar tukunyar da ba komai a ciki. Na matsa na ɗora wa na goma sha bakwai cokalin. Tif. Na sake bugawa da ƙarfi. Tif.

Ba ƙwanƙwasa bama-bamai ya kai ni ɗakin aikin maƙwabcina Herr Brieske ba. Aikena ya yi in rufe masa taga, don ana yayyafi kuma ba ya son danshi ya taɓa masa kaya. Sai dai cokalin da na gama ba shi miyar dankali da shi yana aljihuna, kuma shekara talatin da ɗaya ke nan ina son in ji da kunnena. Bango ɗaya ya raba ɗakin nan da kan gadona.

Tun yana aikin walda a layin dogo, maƙwabcin nan nawa ba shi da hutu sai bin tsofaffin filayen jirgin yaƙi da wajen masu gwangwan, yana kwaso ƙwaryar bama-baman da jiragenmu suka ɗauka lokacin yaƙi. Ya kankare tsatsa, ya ƙera musu sabuwar wutsiya, ya shafa fenti, ya zauna da ɗan siririn buroshi yana rubuta lambobi. In ya ga na ɓata fuska ta saman shinge sai ya ɗauki sifana ya buga wa ɗaya. "Kin ji? Fanko ne, Frau Damerow. Ranar da kika ji ɗaya ya yi shiru, ranar ki tattara ki gudu."

Ni dai ban taɓa yarda da shi ba. A garin da sau biyu a shekara ake kwashe mu daga gidajenmu saboda masu haƙa sun ci karo da bam, a ce mutum ya tara su a bayan gida yana shafa su kamar kan jikoki? Na ɗaga kai na ƙirga takardun shaidar da ya jera a bango, waɗanda ke nuna an kwashe cikin kowanne. Goma sha shida ne. Bama-baman kuwa goma sha bakwai.

Na same shi a falo, inda aka dawo masa da gado kusa da taga. Ciwon daji ya cinye shi, likita ta ce kwanaki suka rage. Ya sa hannu a takarda cewa ko da wasa kar a kai shi asibiti. A ɗakin ƙasa na gidan nan aka haife shi lokacin yaƙi ana ruwan wuta, kuma ya ce daga gidan nan za a fitar da gawarsa. 'Yarsa Wiebke za ta taso daga Rostock ranar Asabar. Kafin nan, ni ce mai miya, ni ce mai gyara matashi. Ciwo ya cinye komai amma bakinsa bai mutu ba.

"Herr Brieske, na ƙarshen nan, na jikin bangona. Bai yi ƙara ba."

Ya buɗe ido ɗaya. "Au, har kin yi mini bincike? Da cokalina?"

"Ba shi da takarda."

"Ba ya buƙata."

"Mene ne a cikinsa?"

"Cike yake dam," ya ce, yana wani murmushi. "Ki je ki tambaye shi."

"Ba wasa nake ba, malam."

Amma allurar da nas ta yi masa ta riga ta ɗauke shi.

Kwana biyu ina juya maganar. Na san abin da kiran hukuma a waya zai jawo, ba yarinya ba ce ni. Za a kwashe layin kaf, har da shi. Sai in ce wa kaina, ki bari Asabar ta zo. Sai kuma in tuna gobe ko jibi mutumin nan zai cika, a turo masu kwasar kaya waɗanda ba su san komai ba, su jefa abin a bayan mota. Na tambaye shi sau biyu kuma. Sau ɗaya barci yake, sau ɗaya ya ce, "Har yanzu kina nan kina gadin duniya?" Haushi ya kama ni. Gaskiya zan faɗa, tsoro ya kai ni bakin wayar, amma haushi ne ya danna lambar, ranar Alhamis da safe.

Shugaban 'yan kwance bam, wani dogo mai suna Zastrow, ya daɗe a tsugune gaban abin yana haska shi da tocila. Ya miƙe yana fito da baki a hankali.

"Wa ya yi wannan aikin? Kamar jiya ya fito daga masana'anta. Har marfin abin tayarwa yana jiki." Ya goge hannunsa. "Sai na kankare fentin zan san abin da ke ƙasa, kuma ba zan kankare da mutane a kusa ba. Mita ɗari uku, kowa ya fita."

"Mai gidan yana kan gargara. Ya rubuta ba ya son a ɗaga shi."

"Ke kika kira mu, Frau Damerow."

Ina tsaye a bakin ƙofa aka fito da shi a gadon ɗaukar marasa lafiya. Yana ce wa masu motar asibiti, "Ku bar ni mana, samari. In ya tashi ai ya rage wa likita aiki." Da suka ƙi saurara sai ya kama gefen ƙofa da hannu ɗaya. Ba su sha wahalar ɓamɓare yatsun ba. Bai dube ni ba.

Tunda ya ƙi asibiti, zauren wasanni na makarantar firamare aka kai shi, inda aka saba tara mu. Aka ajiye shi a kusurwa, aka kare shi da allo biyu. Can gefe mutanen layinmu suna shan kofi suna karta, wasu na satar kallona. Na ja kujerar yara na zauna kusa da shi.

Wajen ƙarfe ɗaya ya motsa baki. Na sunkuya.

"Siminti ne."

"Me?"

"Na koyon jifa ne. Da shi ake koya wa sababbin matuƙa jirgi. Siminti zalla, tun daga kai har wutsiya. Wata huɗu na yi kafin ya yi kama da na gaske."

"To me ya hana ka faɗa mini? Kalma ɗaya!"

"Shekara talatin kina zargina a banza." Ya ja numfashi da ƙyar. "Na ce bari in ba ki dalili ko sau ɗaya. Ban zaci za ki kira ba."

"Bari in je in gaya musu. Yanzun nan a mayar da kai."

Na je. Ɗan sandan da ke bakin ƙofa ya yi waya, aka ce masa an ji, amma ba za a bar kowa ya koma layinmu a kan maganar mara lafiya ba, sai Zastrow ya gani da idonsa. Na dawo na ce masa saura kaɗan. Ya ce, "Akwai hayaniya a nan." Ya tambaye ni ko na rufe tagar da kyau. Na ce na rufe.

Ƙarfe biyu da rabi ya cika, yana kallon rufin zauren. Uku saura kwata aka yi shela kowa ya koma gida, ba komai, siminti ne. Mutane suka yi tafi, kamar yadda muka saba. Ni kuwa kunya da baƙin ciki suka hana ni ko tashi daga kujerar, sai da nas ta kama hannuna.

Na tako zuwa gida a ƙasa, ina shirya abin da zan gaya wa Wiebke, ban samu ko jimla ɗaya ba. Yayyafin ya dawo. A kan matakalar ƙofarsa akwai silifa ƙafa ɗaya da ta zame masa lokacin da ake fita da shi, ta jiƙe sharkaf. Na ɗauka na matse ruwan, na tsaya da ita a hannu a gaban ƙofar da aka kulle.