Maɓallan Rigar Baba Tela

"Mayar da hannunki baya," in ji Baba Tela, maƙwabcinmu, daga kan gadon jinya. Da ni yake. Na riga na miƙa hannu zan taya Auta, kamar yadda na saba.

Auta 'yata ce, shekararta bakwai, kuma tun haihuwa yatsunta ba sa jin magana. Ko cokali sai ya suɓuce mata. Ma'aikaciyar asibiti ta ce a riƙa yi mata wasan hannu kullum, ni kuwa kwana uku na yi na gaji. Ya fi min sauƙi in yi mata komai mu wuce wurin.

Baba Tela ne ya ɗauki abin da zafi. Ya ɗinka mata 'yar tsana mai riga, maɓallinta kamar murfin kwalba, ya ce tana jin sanyi, a ɓalla mata. Da ya ga Auta ta gwane sai ya sauya maɓallin da ƙarami, ya ce mata wai wanki ne ya sa ya tsuke. Ni kuma da na matso sai ya tsula min tef ɗin awo. Na sha yin fushi da tsohon nan.

Shekara biyu ana haka. Saura ɗan mitsitsin maɓalli irin na gaban riga, ciwo ya kwantar da shi, hannunsa ya kama rawa.

Ran nan matarsa ta sa masa riga za ta ɓalla, ya ce ta bari.

"Auta, tsohonki na jin sanyi."

Ta hau gefen gado, harshe a waje. Sau huɗu maɓallin yana kufce mata, ni kuwa na damƙe hannuwana a baya har farce ya shige ni. A na biyar ya shiga. Ta bi sauran ɗaya bayan ɗaya har wuya.

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Da kin taɓa, da kin ɓata min aikin shekara biyu," ya ce da ni. Na fashe da kuka, kuma wallahi na murna ne.

Bayan kwana biyu ya rasu, da hantsi. Yanzu Auta da kanta take shiryawa, in na matso ta harare ni.

Ranar da ya rasu, matarsa ta zare masa rigar ta ka, ba ta ɓalle ko ɗaya ba. Rigar tana nan rataye kusa da keken ɗinki, maɓallin sama ya shiga ƙofar da ba tasa ba, wuyan ya ɗan karkace.