Wane Gefen Titi Aka Sace Shi

"A wane gefen titin ka ajiye shi?" Sajan ya tambaya, idonsa na kan kwamfuta.

Tsalle ya gyara riƙon hular kwano, abin da ya rage masa ke nan daga babur ɗin kamfanin kai saƙo.

"Gefen shagon mai gyaran waya, ranka ya daɗe."

"To ba namu ba ne. Iyakarmu ta tsaya a kwatar tsakiyar titi. Daga can kuma na ofishin gangare ne."

"Ai ta gefenku ɓarawon ya gudu."

"Gudu ba ya shiga lissafi. Inda aka ɗauka ake rubutawa."

A bayan Sajan akwai taswirar gari manne a bango. Tun da aka kawo sabon tsarin, duk ƙarar da aka buga a kwamfuta kai tsaye take zuwa hedikwata, can kuma a shafa wa kowace unguwa launi gwargwadon laifin da aka ƙirga mata. Yankin Sajan kore ne shar, har an kira shugabansu an yaba masa, kuma ba a shirya ɓata wannan koren saboda wani mai hular kwano ba.

"Sai dai in ɓata ya yi," in ji Sajan. "Akwai gurbin ɓata. Yanzu in buga maka."

Tsalle ya girgiza kai. Kawunsa, wanda shi ne manajan kamfanin, ya riga ya gaya masa ta waya: ya kawo takardar 'yan sanda mai cewa sacewa aka yi kafin a tashi aiki, inshora ta biya, ko kuwa ya ajiye hular ya kama gabansa. Wannan shi ne aiki na ƙarshe da wani ɗan uwa ya yarda ya tsaya masa. Ba a banza ake ce masa Tsalle ba. Ta katanga ya bar makaranta, ta taga ya bar gareji, shagon tela kuwa aka aike shi sayen zare, har yau ana jiran zaren.

Gaskiyar abin da ya faru ba ta da kyan faɗa. Yana wucewa ta mahaɗar da shagon mai gyaran waya yake, ya ji abokansa a kan benci suna cewa bugun jiya ba fanareti ba ne. Ya taka birki. Bai kashe babur ɗin ba, bai zare makulli ba, don magana ɗaya kawai zai faɗa ya wuce. Maganar ta haihu, 'ya'yanta suka haihu. Da ya waiwaya, sai hayaƙi.

Ya gangara a ƙafa, rana na cin ƙeyarsa.

Ofishin gangare ƙarami ne, a ƙofarsa wata tsohuwar motar sintiri na zaune kan bulo, ba taya ko ɗaya. Yana cewa "sata" wata kofur ta miƙe daga bayan tebur kamar ta ga ango.

"Sannu, ɗan'uwa. Zauna. A kawo masa ruwa!"

Ya zauna a kujera mai hannu. Ta juyo masa da fanka.

"Mu nan kullum ana sata, mutane ba sa zuwa su faɗa," ta ce tana jawo allon rubutun kwamfuta. "Can hedikwata kuwa lamba suke gani. Unguwar da ta yi ja ita ake ba wa sabuwar mota. Mu da muke rawaya, ka ga abin da muke hawa a waje. To, su nawa ne?"

Tsalle bai ga kowa ba, hayaƙi ya gani. Amma tun da uwarsa ta haife shi, ba a taɓa sauraronsa ana rubutawa ba.

"Biyu," ya ce. Yatsunta suka yi gudu, sautin ya yi masa daɗi. "Uku ma dai, ɗaya na baya."

"Da makami?"

"Eh to... wani abu ya yi ƙyalli."

"Wuƙa ke nan. Sun yi maka barazana?"

"Sosai. Na ce musu amana ce, sai dai su bi ta kan gawata."

"Allah sarki. 'Yan wurin ne?"

"Fuskokin dai ba baƙi ba ne," ya ce, don ya ji haka ake faɗa a fim.

Na'ura ta turo takarda da ɗuminta, aka buga hatimi. Fashi da makami, da rana tsaka. Kofur ta juyo masa da allon ya gani: mahaɗar, wadda ɗazu take rawaya, ta zama ja kamar an yanka rago a kanta.

"Ka taimaki unguwa," ta ce. "Da ma yallaɓai na neman dalili. Yau da yamma za mu kwashe zauna-gari-banzan da ke yini a bencin nan, a cikinsu za mu tsinci naka ukun."

Tsalle ya ajiye kofin ruwan. Ya buɗe baki, ya dubi hatimin, ya dubi agogon bango. Ya ce na gode.

Kawu ya karanta takardar a tsaye, ya sauke tabarau, ya ƙare wa ɗan 'yar'uwarsa kallo daga sama har ƙasa.

"Mutum uku da wuƙa, ko ƙwarzane babu?"

"Na iya kaucewa, Kawu."

"Wannan kam shaida ne ni." Ya sa aka ɗauki hoton takardar, ya miƙa masa abarsa. "Gobe ka zo ka ɗauki wani babur. Kuma kada uwarka ta ji zancen wuƙa, hawan jininta ya ishe mu."

Aiki ya tsira. Tsalle ya fito yana jiran daɗi ya zo masa, daɗin bai zo ba, sai ƙafafunsa suka kai shi mahaɗa.

Suna nan yadda ya bar su, mai gyaran waya da Dogo da sauran.

"Ga mai kyautar babur!" Dogo ya ɗaga murya. "Gobe in za ka bar wani a kunne, ka yi min waya tukuna."

"Ku tashi daga nan yau," Tsalle ya ce. "An ce wurin ya lalace. Fashi aka yi, da wuƙa."

"A nan? Muna zaune?" Mai gyaran waya ya ajiye sukundireba. "Wa aka yi wa?"

"Wani bawan Allah."

"Ƙarya ce. Wane munafuki ne ya kai wannan zancen?"

"Mutane ba su da tsoron Allah," in ji Tsalle.

Suka yi dariya, ba wanda ya motsa. Dogo ya matsa ya ba shi wuri, ya ce kuma har yanzu ba fanareti ba ne. Tsalle ya dubi gangaren. Can nesa, wasu masu kaki suna hawowa a ƙafa, a hankali, suna haki. Ya taɓa aljihun da takardar take, ita ce shaidar cewa duk bencin nan shi kaɗai aka zalunta. Ya zaro ta, ya miƙa wa mai gyaran waya.

"Kai ka fi mu karatu," ya ce, ya zauna a tsakiyarsu. "Karanta musu da ƙarfi. Amma don Allah in za a dake ni a bar min fuska, gobe ina da aiki."