Ranar Su a Tafkin Marake

Birgin, ragar jifa, ya buɗe a sama kamar faifai, ya sauka bisa ruwa, mutanen da ke gaɓa suka ɗauki sowa. Bube ya bari darmar bakin ragar ta nutse, sannan ya fara jan igiya. Tun kafin ragar ta iso bakin kwalekwale hannunsa ya gaya masa labari. Babu nauyi.

Wannan ce jifar gwaji. A al'adar Tafkin Marake, in an rufe ruwa tun farkon damina, ba mai shiga da homa, ragar hannu, sai Sarkin Ruwa ya yi jifa guda, ya duba, ya ce an buɗe. Bube kuwa bana ne farkon sunsa, wato kamun kifin gayya, da rawani. Da mahaifinsa ya rasu, daga aji aka ɗauko shi yana koyar da yara lissafi a Fakku, aka naɗa shi Sarkin Ruwa, aka tsallake ƙanen mahaifin, Baffa Ɗangiwa, wanda ya yi furfura cikin ruwan nan.

Ya zazzage ragar. 'Yan gargaza ne ke ta tsalle, sai wata ƙaguwa da ta ruga ƙarƙashin katako. Malama Ni'imatu, ma'aikaciyar sashen kifi da ta zo daga Kebbe, ta tattare hijabinta ta ɗauki ɗaya ta aza bisa allon awonta.

"Ranka shi daɗe, buɗe bakinta ka gani."

Ya matsa kumatun kifin da yatsa. Ƙwai suka zubo masa a hannu, rawaya, kamar tsabar gero. Haka gargaza ke goyo, a baki. Ya ɗauki wata, ita har 'ya'yan sun ƙyanƙyashe suna motsi.

"Wagga ko tafin hannuna ba ta cika ba," in ji shi.

"Abin da nika gaya maka ke nan tun kaka. Manyan sun ƙare, masu ragar koma mai ƙaramin ido sun kwashe su bara. Kifi in ya ga ba ya kai girma, sai shi yi gaugawar haihuwa shina ƙarami. Waɗanga su na iri, babu wasu bayansu."

Bube ya ɗaga kai ya dubi gaɓa. Mutane ne maƙil, kowa da gora da homa. Wasu tun daga Jabo da Dogon Daji 'yan kabu-kabu suka kawo su. Mata sun kafa murhu, mai har ya fara ƙauri a kasko, makaɗa na ta zuga. In wannan taron ya faɗa ruwa yau, kafin la'asar an tace tafkin kamar koko. In kuma ya hana, za a ce ɗan boko ya kasa riƙon gadon ubansa.

Bai ji ɗar ba. Ya mayar da kifayen ruwa, ya bar guda cikin ƙwarya, ya ce wa mai tuƙi, "Kai mu gaɓa."

Baffa Ɗangiwa ne ya tare shi, wando a naɗe har gwiwa, homa a kafaɗa.

"To Malam, mi allo yac ce? Mu shiga ko sai an kaɗa ƙararrawa?"

Aka kwashe da dariya. Bube ma ya yi murmushi, ya miƙa masa ƙwaryar hannu biyu. Tsohon ya buɗe bakin kifin, ya tsaya kallon ƙwan. Fuskarsa ta ɗan canza, amma idanun jama'a na kansa, sai ya ɗaga kifin sama.

"Ku gani albarka! Har ƙanana na haihuwa! Ruwan ga cike shike!"

Kalangu ya ɗauka. Samari suka fara matsowa.

Bube ya hau kan wani kwalekwale da aka kife, ya ɗaga hannu, ya yi amfani da muryar da yake tsawata wa 'yan aji shida. Ya yi musu bayani dalla-dalla: babu manya, waɗannan uwaye ne, a ƙara wa ruwa lokaci kowa zai ci. Maganarsa a tsare take, sai dai kamar da iska yake yi.

"Mu da munka biya kuɗin mashin fa?"

"Man da anka zuba a kasko, kai za ka sha?"

"Ubanka bai taɓa maishe mu gida hannu sake ba!"

Wani ƙaton saurayi mai suna Gazali ya ɗaure goransa a ciki, ya taka ruwa har ƙwauri. Biyu suka bi shi. Bube ya san in ruwa ya kai wa mutum guda ƙugu, shi ke nan, ba mai tare sauran.

Sai ya sauke hannunsa, ya gyara rawani, ya sassauta murya yadda sai an yi shiru za a ji.

"To, ba ni hana kowa. Mai son shiga shi shiga. Amma ku shaida, ni ban ɗaure bakin kada ba bana."

Kalangu ya tsaya.

Kowa ya san aikin Sarkin Ruwa ne daren jajibirin su ya zagaya tafki ya ɗaure bakin kada, don a shiga a fito lafiya. Gazali ya dubi ruwan da ke gabansa, baƙi wuluk a gindin itacen geza. Wani abu ya taɓa masa ƙafa, wataƙila ciyawa ce, ya yi tsalle da baya har goransa ya kwance.

"Ƙarya ta!" wani ya ɗaga murya daga baya. "Wane kada? A tambayi Ɗangiwa, shi as san ruwan ga!"

Duk kawuna suka juya wajen tsohon.

Bube da Baffa sun san abin da sauran ba su tabbatar ba: tun shekarar farin da tafkin ya janye har tsakiya, kada na ƙarshe ya bi rafi ya tafi. Tare suka bi sawunsa, Bube na yaro riƙe da rigar Baffa. Kalma ɗaya daga bakin tsohon nan, jama'a su faɗa ruwa, rawani kuma ya zama tsumma a kan mai shi.

Baffa Ɗangiwa bai dubi kowa ba. Gargazar cikin ƙwaryar yake kallo, tana ta buɗe baki tana rufewa kan sauran ƙwanta. Sannan ya sunkuya ya tuntsurar da ƙwaryar cikin tafkin, ya miƙe yana warware ƙafar wandonsa.

"Ni dai ba ni shiga," ya ce. "Shekaranjiya na ga sawu wajen geza. Babba na."

Kafin a jima gaɓa ta fara raguwa. Ana ta guna-guni, mata na juye mai cikin galan, 'yan kabu-kabu na kiran Jabo, Jabo. Malama Ni'imatu ta matso tana rungume da allonta, ido waje.

"Ranka shi daɗe, ashe da kada kab bar ni nika yawo cikin kwalekwale wata da watanni?"

Nan take Baffa ya iso gaban Bube. Tsohon ya kama gefen rawanin da ya zame, ya soke shi da ƙarfi fiye da yadda ake bukata, ya kawo baki kusa da kunnensa.

"Wata biyu, Sarki. In sun cika, ko ka ɗaure kadan ga naka, ko ni in ɗaure shi."

"Ukku, Baffa."

Tsohon ya saɓa homarsa a bushe, ya juya.

"Sai ka zo gida mu yi magana. Ka taho da yarinyar ga da allonta."