Katuna Arba'in da Ɗaya a Gwangwanin Biskit

Walda ce sana'ar Koci, amma in ka shiga unguwar ka ce kana neman mai walda, sai a tambaye ka wanne. Ka ce Koci, ko akuya za ta nuna maka shagonsa. Shagon yana kallon filin ƙwallon da ke bayan makarantar firamare, kuma ƙarafan ragar nan biyu shi ya haɗa su da hannunsa shekara goma sha ɗaya da suka wuce. Duk shekara sai ya goge tsatsarsu ya shafa musu farin fenti, abin da ƙofar gidansa ba ta taɓa samu ba.

A kan filin nan aka yi zaɓen kansila na bana, ko da yake ba a rubuta haka a takardar ƙuri'a ba. Malama, tsohuwar shugabar makarantar, ita ce ke kan kujerar, kuma ta yi shekara huɗu tana hana kowa taɓa filin. Abokin karawarta Ɗan Kwangila bai yi wa kowa ƙarya ba, a bainar jama'a ya ce in ya ci, garejin manyan motoci zai yi a wurin.

Ranar Litinin da safe labari ya iso. An haɗa akwatunan mazaɓa, Ɗan Kwangila na gaba da ƙuri'a talatin. Saura akwati ɗaya, na makarantar firamare, inda na'urar tantancewa ta mutu tun kafin azahar. An soke shi, za a sake ranar Asabar.

Koci yana shan shayi yana faɗa, burodin ma bai taɓa ba.

"Ƙuri'a talatin, Maman yara! Ina da samari arba'in da ɗaya masu gemu, ko ɗaya ban gani a layi ba. An hana motoci fita, su kuwa suka mai da kwalta filin wasa. Da idona na gan su!"

"Ka gan su, har ka tsaya ka gyara wa Gola tsayuwa," in ji matarsa, tana ɗaure wa ƙaramar 'yarsu takalmi. "An ba ni labari."

"Wannan daban. 'Yan zamani ne kawai, ba su san ciwon kansu ba."

"To, Baban yara, da me za su yi zaɓen?"

"Da katinsu mana!"

"Katin nasu yana ina?"

Sai a lokacin Koci ya tuna. Laifi tudu ne, ka taka naka ka hango na wani. Ya ajiye kofin, ya zura takalmi, ya fita ba ko sallama.

A shago, cikin akwatin ƙarfen da yake ajiye tabarau na walda da usur, akwai wani gwangwanin biskit. Ya buɗe. Ga su nan a ɗaure da roba, katunan zaɓe arba'in da ɗaya, kowanne da fuskar ɗaya daga cikin 'yan wasansa. Masu shirya gasar unguwanni ne suka kafa doka shekara biyu baya, cewa ba mai shiga fili sai ya nuna katin shaida, saboda an gaji da ganin uban 'ya'ya uku yana rantsuwa shekararsa goma sha tara. Katin zaɓe ne ake yi kyauta, don haka Koci ya kora su gaba ɗaya suka yi rajista. Da katunan suka fito ya karɓe, tunda mutanen da ke ɓatar da safa ƙafa ɗaya duk mako ba za a bar musu kati ba. Kafin kowane wasa ya nuna wa alƙali, bayan wasa ya mayar gwangwani. A wurinsa da su duka, katin ƙwallo ne. Bai tuna ya ba su ba, su ma ba wanda ya tuna ya tambaya.

Kunya ta kama shi har cikin ƙashi. Amma Koci ba mutumin zama ya rafka tagumi ba ne. Ya lissafa da yatsu: kwana biyar ya rage.

Da la'asar, da suka taru atisaye, bai fito da ƙwallo ba. Ya zaunar da su a gindin raga, ya ɗora gwangwanin a gwiwa.

"Laifin farko nawa ne, na ɗauka," ya ce. "Na kulle muku haƙƙinku tare da usur. Na biyu naku ne, don ba wanda ya zo ya ce Koci ba ni abina. Ranar Asabar za a sake. Ban ce ku zaɓi wane ko wance ba, wannan tsakaninku da yatsanku ne. Amma wanda bai nuna min tawada a yatsa ba, kada ya ƙara sa min riga."

Ya riƙa kiran suna kamar ranar wasa. Gola ya karɓa, ya dubi hotonsa ya ce wallahi wannan ba shi ba ne, aka ce masa ai na'ura ba ta san kara ba. Dogo ya karɓa, Ɗan Hagu ya karɓa, Aski ya karɓa. Da aka zo kan Lamba Tara, wanda ya fi kowa zura ƙwallo kuma ya fi kowa sanin haka, sai ya karɓi nasa, ya juya shi, ya mayar cikin gwangwanin.

"Koci, ranar Asabar akwai wasa a ƙetaren gada. An ce mai neman 'yan wasa zai zo daga babban kulob. Sau nawa irin wannan ke zuwa?"

"Ka yi zaɓe da safe ka tafi."

"Layin nan ka san shi. Na'ura ta mutu, ma'aikaci ya makara, a wuni a rana. Kuma a kan me? Babana ya yi zaɓe sau shida, har yau kwatar ƙofar gidanmu tana nan. Su manya sun riga sun rubuta abinsu."

"In sun rubuta, me ya sa tazarar talatin ce ba dubu uku ba?"

Lamba Tara ya ɗaga kafaɗa. Shida daga cikin masu bin bayansa su ma suka mayar da nasu. Koci ya rufe gwangwanin da katuna bakwai ɗin a ciki, ban da na waɗanda ba su zo atisaye ba, bai zagi kowa ba.

Kwana huɗun da suka biyo baya shagon ya fi zama a rufe. Wani mai ƙofa ya zo sau uku ya tarar da kwaɗo. Koci yana bin waɗanda ba su zo atisaye ba ɗaya bayan ɗaya: wanda ya koma gidan burodi, wanda ya yi aure ya aje ƙwallo ya ɗauki tumbi, wanda ke tura baro a kasuwa. Kowa sai Koci ya damƙa masa katinsa hannu da hannu. Ya je ofishin zaɓe ya kwafo jerin sunaye, ya tabbatar kowannensu a makarantar zai jefa. Aski, da yake aski ne sana'arsa, ya ce masa gaskiya shi Ɗan Kwangila zai zaɓa, domin direbobi na aski kuma ba sa neman ragi. Maganar ta soki Koci, amma ya ce, "Je ka zaɓe shi. Ni dai in ga tawada."

Ranar Alhamis ya sami Lamba Tara a wurin wankin mota inda yake aiki, kumfa har gwiwar hannu.

"Ɗana, a filin nan ka koyi tsayar da ƙwallo. Kana kuka na ɗaure maka ƙafa a gindin ragar can."

"Ban manta ba, Koci. Shi ya sa nake so in fita daga cikinsa. Mu bakwai ne fa kawai, me bakwai za ta yi?"

Koci ya miƙa masa katin. Lamba Tara ya nuna masa hannayensa masu kumfa, ya ce zai jiƙe. Koci ya tsaya har aka gama wanke motar aka goge, hannun ya bushe, amma ba a miƙo shi ba.

Ranar Asabar tun ƙarfe bakwai mutum talatin da huɗu suka shiga layi da rigunan kulob, Koci a bayansu da jarkar ruwa. Tsofaffin da suka saba ganin junansu kaɗai a irin wannan layi suka yi ta waige. Wata tsohuwa mai sanda ta tambayi Gola ko an mai da wasan cikin makaranta ne.

"A'a, Kaka, zaɓe muka zo."

"Ikon Allah! Ashe kuna da yatsu. Na ɗauka ƙafafu kawai aka yi muku."

Na'urar ta yi gardama sau biyu, rana ta buɗe, Dogo ya fara zamewa wai zai je ya dawo. Koci ya busa usur guda ɗaya, Dogo ya koma layi. Kowa ya fito sai ya ɗaga masa yatsa, shi kuma ya ja layi a takardarsa.

Da la'asar aka zazzage akwatin a kan tebur, a gaban kowa. Ma'aikaciyar zaɓe tana ɗaga ƙuri'a, jama'a na ƙirgawa da ƙarfi, kuma muryar 'yan ƙwallo ta danne ta kowa. Malama ɗari da goma sha biyu. Ɗan Kwangila tamanin da bakwai. Samarin suka ɓarke da ihu, suka ɗaga Gola sama. Koci bai motsa ba, domin shi ya riga ya yi lissafi. Ashirin da biyar suka ci a nan, talatin ake bin su.

Ihun ya mutu a hankali, kamar rediyon da batirinsa ya ƙare. Ɗan Hagu ya matso ya ce, "Koci, nawa ya rage?"

"Biyar."

Ba wanda ya tambayi nawa ne a gwangwani. Kowa ya sani.

Bayan mako uku masu awo suka zo suka kafa turaku masu jan fenti, har a tsakiyar da'irar fili. Aka aiko wa Koci cewa katafila za ta shigo ranar Laraba, in yana son ƙarafansa ya kwashe. Ya riga ya nemo wani fegi a bayan ma'ajiyar katako, mai tudu da kwari, rabin wannan a girma, mai shi ya ce su yi amfani da shi kafin ya tashi gini. Ranar Talata da safe ya jawo waya daga shago, ya sa tabarau, ya durƙusa a gindin ragar da ya haɗa, ya yanke ta. Hawayen da ya zubo a bayan tabarau ba na hasken walda ba ne, kuma bai ce na shi ne ba.

Suna shirin ɗaga sandar sama, mai nauyin, sai ga Lamba Tara da mutanensa shida sun tsallako turakun. Tun ranar zaɓen ba su taka filin ba. Labari ya riga su isowa cewa sun wuni a ƙetaren gada, mai neman 'yan wasan bai zo ba. Ba wanda ya yi musu dariya, ko Gola da ba ya barin ta kwana.

Lamba Tara bai gai da kowa ba. Ya shiga ƙarƙashin ƙarshen sandar ya sa kafaɗa. Suka ɗaga, suka bi gefen makaranta, ƙarfen na cin naman wuya. Sun yi nisa kafin ya yi magana, idonsa a ƙasa.

"Koci, katina yana nan?"

"Yana nan."

"Ina so."

"Ba wasa a gabanmu. Kuma zaɓe sai bayan shekara huɗu."

"Na iya lissafi yanzu."

Koci ya sa hannu ɗaya a aljihun rigar aikinsa, inda katunan bakwai suke tun ranar Asabar ɗin. Ya zaro na sama ya cusa masa a aljihun ƙirji, tunda hannayensa biyu na riƙe da ƙarfe.

"In ka ɓatar, kai ka sani. Na daina ajiye wa kowa," ya ce. "Ku ɗaga da kyau, akwai kwata a gaba."