Allin Baba Dzarma

Ku gafarce ni, ban taɓa rubuta labari ba, kuma wanda zai gyara mini ya rasu.

Gawarsa tana ɗaki lokacin da matarsa, Mama Phoebe, ta miƙo mini bokiti da tsumma.

"Kellu, 'yata, goge duka kafin mutane su taru. Ba mu san wa zai shigo ba."

Baba Dzarma maƙwabcinmu ne a Wulari, tsohon malamin Turanci. Da yaran nan masu bindiga suka fara bin malaman boko gida gida, sai ya daina faɗin sana'arsa, ya ce shi mai kiwon kaji ne. Amma cikin gidansa babu abin da bai rubuta wa sunansa na Turanci da alli ba: ƙofa, randa, turmi, har akurkin kajin. Ni kaɗai nake shiga ɗaukar darasi, da sunan sayen ƙwai. Yakan ce kalma ba ta zama a ka sai an taɓa abin da hannu, kuma kada in bar ta ita kaɗai kamar marainiya, in sa ta cikin jimla. In na manta ƙarshen aikatau, sai ya ce na fito da shi babu takalmi.

Da jikinsa ya shanye, bakinsa ya rufe. Sai ya riƙa nuna abu da ido, ni kuma ina faɗa. Ranar ƙarshe ƙofa ya kalla. Na faɗi sunanta, ya ci gaba da kallo. Jimla yake jira. Na ce masa an buɗe ta, da Turanci, sannan ya lumshe ido.

Na goge komai. Gidan ya yi tsit, kamar shi ma an rufe masa baki.

Masu ta'aziyya suka cika tsakar gida. A cikinsu akwai wani saurayi da ba wanda ya san shi, bai gaisa da kowa ba, yana ta duba bango. Rana ta bugi ƙofar, ruwa ya bushe, sai na ga haruffan suna dawowa a hankali, fari fari, da hannun Baba, daidai bayan kujerar saurayin.

Na je na jingina da ƙofar. Na riƙa goga bayana kamar mai ƙaiƙayi. Ya juyo ya tambaye ni aikin mamacin.

"Ƙwai yake sayarwa," na ce.

Ya daɗe yana kallona, sannan ya tashi ya fita. Har yau ban san ko wane ne ba.

Da suka fara waƙar coci, na sulale ta bayan akurki. Sai a soronmu na cire hijabina, na ga bayansa ya yi fari da alli. Na ninke shi a haka.