Idon 'Yar Rakiya

Hasana masaƙiyar tabarma ce a Azarori, kuma duk garin an san ba ta kuskuren zane. Shekarunta sun haura arba'in, amma har yau ita ke zura wa 'yan mata zare a allura.

Yayanta Alƙasim manomin albasa ne. Da wani rani ya fara tuntuɓe da abin da kowa ke gani: turmi, bakin ƙofa, akuyar da ke kwance. Mutane suka ce tsufa ne. Ran nan yana dawowa daga garka, amalanken jaki ya fito ta hagunsa ya kaɗe shi, ya kwashe mishi fatar gwiwa.

Hasana na wanke mishi ciwon ta ce, "Yaya, abu ƙato haka ba ka gane shi ba?"

"Wallahi ban gani ba. Abin da ke gabana nike gani tas. Gehe kuwa kamar an rufe da zane."

Ranar kasuwa ta sa shi gaba suka shiga mota zuwa Madawa. Lokotoron ido, wata mace mai suna Nasiba, ta ɗiga mishi magani, ta auna idon da wani ɗan ƙarfe, ta haska ciki ta daɗe tana kallo.

"Baba, wannan ba yana ba ce da ake cirewa. Gulokom ne, tansiyon ido. Ruwan cikin ido ke taruwa ya matse jijiyar gani, sannu a hankali, mafi yawa ba ciwo. Idon hagu ya riga ya tahi. Na dama akwai saura, shi za mu tsare."

Alƙasim ya ce, "Wanda ya tahi ba ya dawowa?"

"Ba ya dawowa."

Hasana ta kau da kai tana share hawaye da bakin mayafi. Sai ta ji lokotoron na cewa, "Inna, ke mi kike gare shi?"

"Ƙanwa tai ce. Uwa ɗaya uba ɗaya."

"To zo ki zamna nan."

"Ni? Rakiya na zo. Idona lahiya lau, har allura nike zurawa."

"Shi ma yana iya zurawa, in kin ba shi. Cutar na bin dangi, kuma daga gehe take faro ci."

Alƙasim ne ya laluba ya kama hannunta. "Zamna, Hasana. Don Allah."

Ta zauna tana gunaguni. Da aka gama, Nasiba ta ce tansiyon ya hau a idanun biyu, jijiyar ta fara taɓuwa kaɗan, amma an zo da wuri. In ta riƙe maganin ɗigawa kullum ba fashi, tana kuma dawowa awo, da yardar Allah za ta tsufa da ganinta.

Suka kamo hanyar gida. Alƙasim ya ce, "Ni dai na yi asarar ido guda. Amma da amalanken nan bai kaɗe ni ba, da ke ma kina nan zamne ba ki sani ba."

Maganin ya zama kamar alwala a gidajen biyu. In kwalbar Hasana ta kusa ƙarewa sai ta aika a duba ta Alƙasim, a sayo musu tare. Shi kuma ya koyi juya kai gaba ɗaya kafin ya ƙetare hanya, ya koma garkarsa. Albasar shekarar ta yi kyau.

Saura ƙanensu Lurwanu, da ke cin rani a Abijan. Hasana ta aika mishi da murya ta waya, ya amsa da dariya, wai shi da ke karanta lambar mota daga nesa. Ba ta ƙyale shi ba. Ta sake aikawa, ta sa matarsa ta yi mishi magana, har ta yi barazanar daina ɗaukar wayarsa.

Bayan damina saƙonsa ya iso tana tsakar gida tana rina kaba.

"Yaya Hasana, na tahi an duba ni. Sun ce ba komi yanzu, amma in dawo baɗi. Kin huta?"

Ta goge hannu ta danna wayar. "Ban huta ba. Baɗi ma ni zan tuna maka."